Sifirin da Ba Mu Rubuta Ba

Cikin dukan sana'o'in da ɗan Adam ya ƙirƙira, daga ƙira da saƙa har zuwa tuƙin jirgin sama, biyu kaɗai na sani da suka ba shiru haƙƙinsa: aikin alƙali da aikin mai sa wa waya kiɗa. Na farkon ban taɓa yi ba. Na biyun na yi shi shekara shida a ƙarƙashin wata lema a unguwar New Bell ta Douala, tsakanin mai kol-bos, wato teburin buga waya da kuɗi, da mai gasa soya, wato tsire, kuma har yau ban ga littafin tarihin da ya ambace mu ba.

'Yar ƙanwata Rabi'atu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Injiniya ce a wani ofis a Bonanjo, tana zaune a Makèpè, kuma ita da abokanta suna haɗa kiɗa a kwamfuta, irin mai ƙarar tsofaffin injinan wasa da tsofaffin wayoyi. Ciptun suke kiran sa. Wata rana ta rage mini hanya, ta kunna mini ɗaya a mota.

"Kawu, ka ji? Da yamma ɗaya na haɗa shi."

"Na ji. Ya yi kama da na yamma ɗaya."

"Ai abin ba wuya. Maɓalli ne kawai, tit-tit-tit."

Na ce mata a wannan tit-tit-tit ɗin ne kaɗai kiɗan wani makaɗin kukuma na unguwarmu ya rage a duniya, take guda tak, kuma ni na saka shi da babban yatsana. Ta rage gudu, ta ce tana son wannan taken. Na ce yana cikin littafina. To, kafin in faɗi yadda muka ƙare da littafin, bari in yi wa masu tit-tit-tit bayanin sana'ar, tunda sun ɗauka wasa ce.

Aikin farko da na gani a wannan fanni wani injin wasa ne da ya daina magana. A lokacin kamfanin katakon da nake wa akawu a Bonanjo ya rufe, na dawo unguwa da takardar lise, wato sakandare, da taye biyu, da sanin manyan biranen ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba. Mahaifina ya haɗa ni da Malam Sambo, wani Bafulatani daga Garwa da ke gyaran injinan gidan jeton, inda samari ke jefa ƙarfe su harbi jirage a gilashi. Bai taɓa kirana da sunana ba. Mishe yake ce mini, wato "yallaɓai" na Faransanci, saboda tayen, har unguwa ta ɗauka.

Ya buɗe bayan injin, ya hure ƙura, ya nuna mini wani baƙin abu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai ƙafafu jere kamar shanshani.

"Mishe, gai da makaɗi. Maƙogwaro uku gare shi, da na huɗu mai shuu kamar ruwa a kan kwano. Abu biyu ya iya a duniya: wuta ta shiga, wuta ta fita. In ya yi da sauri ka ji siririyar murya, in ya yi a hankali ka ji mai kauri. Lise ɗinsa ke nan."

A wurinsa na san asalin wannan kiɗan, kuma asalinsa talauci ne. Waɗanda suka ƙera injinan farko sun so a ce suna da makaɗa ɗari, amma injin ba shi da wurin ajiye su. Sai suka koma dabara. In suna son sauti uku su fito tare alhali maƙogwaro ɗaya ya rage musu, sai su sa shi ya bi ta kan ukun a guje, ya dawo, ya sake bi, har kunne ya ruɗe ya ɗauka tare suke. Duk uwar gidan da ta taɓa ciyar da baƙi biyar da yankan nama ɗaya ta san wannan ilimin. Wancan injin kuwa, ƙafa ɗaya ce ta makaɗin ta saki dalma. Malam Sambo ya ɗiga mata, injin ya yi kuka, ya rufe bayansa.

Da wayoyin hannu suka shigo gari, gidajen jeton suka fara mutuwa. Malam Sambo ne ya fara lura cewa cikin wayar nan mai kama da sabulun wanki akwai wurin da mutum zai rubuta nasa kiɗan. Maƙogwaro ɗaya ne da ita, ko na shuu ɗin babu. Ɗaya zuwa bakwai su ne do, re, mi har zuwa si. Tauraro yana hawa da kai bene. Alamar nan mai kama da taga tana ɗaga sauti rabin taki. Takwas tana gajarta shi, tara tana tsawaita shi, sifiri kuma hutu ne, wato shiru. Kusan sauti hamsin take ɗauka, daga nan ta rufe ƙofa. Za ku ce yaro ma zai koya kafin la'asar. Haka ne, kamar yadda yaro ke koyon baƙaƙe kafin la'asar, amma ba a ba shi limanci da magariba.

Wata uku na yi bai bar ni na taɓa wayar mai kawo aiki ba. Zama muke a bakin titi, bensikin, wato ɗan acaɓa, ya wuce yana danna ham, sai Malam ya zungure ni.

"Nawa?"

"Biyar."

"Biyar a gidanku. Huɗu da taga. Kunnen nan naka ka baro shi a Bonanjo ne?"

Na ba jirgin ƙasa lamba, na ba mai tallan ruwan sanyi lamba, na ba ƙofar shagon maƙwabcinmu lamba. Har yau in cokali ya faɗi a gidana, sai na ji bakina ya ce shida.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Wayar aiki guda, wadda maɓallanta suka goge har sai da na zana lambobin da jan farce. Ƙaramin piyanon yara mai batir, don laluben sauti. Rediyon kaset da fensir na juya zare. Tsinken sakace, saboda wayoyin 'yan kifi da maɓallansu suka manne. Leda babba ta rufe tebur, don damina a Douala ba ta sallama. Sai kaye, wato littafin makaranta mai layi, wanda muke rubuta lambobin kowane kiɗa a ciki.

Kan wannan kayen ne Malam Sambo ya kafa mini doka. A layinmu kaɗai mu biyar ne masu sana'ar, kowa idonsa na kan teburin ɗan uwansa. Ka tashi alwala, kafin ka dawo an leƙa maka shafi. Saboda haka ba ma rubuta takwas, ba ma rubuta tara, ba ma rubuta sifiri. Sautin kawai ake jerawa, tsawonsa da hutunsa suna kai.

"Littafi na ɓarawo ne," in ji shi, "kai na mai shi ne. Wanda ya saci kayenka, bar shi ya danna, ya ji famfo na ɗiga."

Akwai doka ta biyu. Ba ma rubuta kiɗa kai tsaye a wayar mutum, don wani zai iya buɗewa ya kwafe. A wayar aiki muke haɗawa, mu tura masa ta saƙo. Kiɗan da ya zo ta saƙo ana jin sa, amma ba ya buɗuwa a ga lambobinsa. Daga nan sai mu goge namu, saboda wayar aiki ba ta da wurin tara kaya. Na yi alfahari da wannan tsarin ƙwarai. Na ma taɓa yi wa wani bayaninsa da Faransanci mai kyau.

Masu kawo aiki kuwa, kowa da irin nasa. Wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa ya zo yana son makosa, amma gindin kiɗan yake so, mai kaurin nan da ke motsa ƙirji. Na ce masa wayarsa ba ta da ƙirji. Wata budurwa ta kawo waƙar fim ɗin Indiya mai tsawon tafiya daga nan zuwa Bonaberi, ta ce kar in rage komai. Wani Alhaji mai shagon yadi ya ce shi ba ya jin kiɗa, haramun ne, amma yana son abin da zai bambanta wayarsa da ta ɗan uwansa. Na yi masa carar zakara da sauti tara. Bayan sati ya dawo, wai zakarun maƙwabta suna amsawa, kuma yana ɗaga waya a banza.

Aikin da ya fi kowanne cin lokacina na Hajiya Laraba ne, dillaliyar albasa a kasuwar Sandaga. Ta zo da hantsi, tana janye da wani tsoho riƙe da kukuma a cikin buhun fulawa. Baba Tanko ne, wanda ba a yin suna ko biki a unguwar Hausawa ba tare da shi ba. Shi ya yi mata take tun ranar da ta fara sauke mota guda ta albasa daga Marwa, ita kaɗai, ba da haɗin gwiwa ba.

"Mishe, takena nake so a cikin wannan abar," in ji ta. "In ta yi kuka a Sandaga kowa ya san tawa ce, 'yan dako su daina lalube aljihunsu."

Kowa ya san Baba Tanko bai taɓa yarda an ɗauki kiɗansa a kaset ba. In ya ga rakoda a wurin biki, sai ya mayar da kukuma buhu. Hujjarsa ita ce wanda ke da kai a aljihu ba zai aiko maka da goron gayyata ba. Na ce masa wannan ma ɗauka ce. Ya ce in kunna masa ya ji. Na kunna masa zakaran Alhaji. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Wannan ai gyare ne. Gyare ba ya ƙwace wa mutum abinci. Ɗauka, ɗana."

Kwana uku muka yi. Matsala ta farko, kukuma ba ta san maɓalli ba. Tana zamewa ne daga sauti zuwa sauti kamar ƙafa a taɓo, kuma rabin abin da take faɗa yana zaune tsakanin biyu da uku, inda waya ba ta da ɗaki. Na yi mata gajerun sautuka a jere, na yi ta danna takwas har suka zama kamar zamiya. Suka cinye mini wuri, na koma na rage wani gefen. Matsala ta biyu ta fi. A tsakiyar taken Baba Tanko yana ɗaga izgar ya tsaya cak, kafin ya faɗo kan sautin ƙarshe. A nan mata ke guɗa. Wannan tsayawar ba ta yi daidai da kowane hutu da waya ta sani ba. Na sa sifiri ɗaya, ya ce na yi gaggawa kamar mai bin mota. Na tsawaita, ya ce amarya ta tsufa. Akwai wasu ƙananan tsayawa har huɗu kafin babbar, kowacce da nata awon. A rana ta uku na haɗa sifiri dogo da gajeru ta wata hanya, na kunna. Tsohon ya saurara har ta kai ƙarshe. Sannan ya juya wurin Malam Sambo.

"Gyaren naku ya yi hankali."

Na tura wa Hajiya ta saƙo. Na jera sautukan a kaye, ba takwas, ba tara, ba sifiri. Na goge na wayar aiki, don wani mai jiran kiɗan bikutsi yana tsaye a kaina. Hajiya ta kunna sau uku, ta ɗaure wayar a bakin zane, sannan ta tambaye ni.

"To, in ta ɓata fa, ko ta faɗa ruwa?"

"Kar ki damu, Hajiya. Yana cikin littafi."

Abin da muke gaya wa kowa ke nan. A lokacin ma ba ƙarya ba ce sosai, don sauran rabin yana kaina, kuma ina ganin kaina ba ya yoyo.

Muguwar shekarar ta zo da damina mai tsawo. Ruwa ya cika magudanun New Bell, muna ɗora ƙafa a kan bulo muna aiki. A daminar ce wayoyi masu babbar lasifika suka cika kasuwa, masu ɗaukar waƙa sukutum da muryar mawaƙin da gangunansa. Samari suka kafa tebura da kwamfuta, suna zuba wa mutum waƙa ɗari kafin in gama laluben do. Ba su san huɗu da taga ba, ba sa kuma buƙatar sani. Na kwana biyu ina gaya wa mutane cewa waccan hayaniya ce, tamu ce sana'a. Suna amsa mini da ladabi, "Ashiya, Mishe," wato sannu, su wuce teburin gaba. Cikin mu biyar ɗaya ya koma bensikin, ɗaya ya koyi kwamfutar, ɗaya ban san inda ya yi ba. Malam Sambo ya naɗe lema ya koma Garwa, can ya rasu. Baba Tanko ya rasu kafin azumin da ya biyo baya, Allah ya jiƙansu. 'Ya'yansa babu wanda ya ɗauki kukuma. Ni kuma na nemo tayena, na koma kujerar akawu a wani ofishin fiton kaya, inda na zauna har na yi ritaya.

Kaye goma sha ɗaya na ajiye a akwati cikin leda. Da Rabi'atu ta zo ɗauka, na miƙa mata su da hannu biyu, na buɗe mata shafin Hajiya Laraba. Ta zauna a tabarma, ta shigar da lambobin a kwamfutarta, ta kunna. Famfo ya ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis, sauti arba'in da wani abu, duk tsawonsu ɗaya.

"Kawu, ina sauran?"

"Yana kai."

"To, sauke."

Na sauke na farkon, har zuwa tsayawa ta biyu. Daga nan hanya ta rabu uku, kuma kowacce na bi sai ta yi mini kama da gida. Sati biyu muna yi. Muka je wurin tsofaffin matan unguwa da suka yi guɗa a bukukuwan Baba Tanko, kowacce ta rera nata, ta kuma rantse na sauran ba shi ba ne. A ƙarshe Rabi'atu ta haɗa ukun nawa a wayarta, ta ce mu je wurin mai taken. In tsohuwar wayar tana nan, sau ɗaya kawai take so ta ji.

A hanya ta tambaye ni ko ina ganin kiɗan nan zai daɗe. Na ce zai daɗe. Wanda ya ji shi yana yaro zai neme shi da furfura, kuma bayan su za a samu masu son ƙuntata wa kansu da gangan, kamar mai kuɗin da ke marmarin gari da ƙuli. Nasu ƙoshi ne ke kwaikwayon yunwa, shi ya sa nake musu tsiya. Amma na ga abu ɗaya a wurinsu. In ɗayansu ya haɗa kiɗa, yana baza shi ne duka, da tsawonsa da hutunsa, kowa ya buɗe ya gani ya kwafa. Na ce mata wannan wauta ce a kasuwanci. Ta ce, "Wi, Kawu," wato ta ji, ta ci gaba da tuƙi.

Mun sami Hajiya Laraba a Sandaga ranar Asabar da safe, zaune a kan kujera tsakanin buhuna, ɗanta yana ciniki, ita tana gyara masa daga nesa. Ta gane ni kafin in gama sallama.

"Mishe mai gyare. Kana raye? Ina tayen?"

"Ya riga ni ritaya, Hajiya. Wannan 'yar ƙanwata Hadiza ce, Rabi."

"Ta biro ɗin, mai aikin ofis? Zauna, 'yata, kar ki ɓata siket."

Rabi'atu ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi bayani, ta kunna mata ukun ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta karkata kai ta saurara, tana ɓare wata albasa da farce.

"Rigar tasa ce," in ji ta, "amma ba shi ne a ciki ba."

"To ki rera mana, Hajiya, ko kaɗan."

"Ni? 'Yata, ni ake yi wa. Kin taɓa ganin mai take yana rera takensa? In na ji zan gane, iyakata ke nan."

Na tambaye ta wayar. Ta ce ta yi wayoyi biyar bayanta, amma waccan tana cikin gwangwanin alewa a ɗakinta duk shekarun nan. Ranar Juma'a takan sa mata caji ta kunna, ta ji sau ɗaya ko biyu, ta mayar. Bara batirin ya kumbura har ya ture murfin, ta danna, shiru.

"Batir kawai?" in ji Rabi'atu. "Hajiya, ana samun irinsa a kowane tebur. Tana ina yanzu?"

"Masu kurar nan da ke yawo suna karɓar matattun wayoyi su ba ka roba. Na riƙe ta wata biyu, sannan na ce me zan yi da gawa a ɗaki, na miƙa musu." Ta nuna ni da albasar. "Ai ban damu ba. Mishe ya ce yana cikin littafi. Na ce duk ranar da na samu sarari zan aika a neme shi ya sake mini."

Rabi'atu ba ta dube ni ba, wanda na ɗauka tarbiyya ce daga wajen uwarta. Wani ɗan dako ya ce mu ba shi hanya, muka matsa.

Robar tana nan gefen ƙafar Hajiya, shuɗiya ce, babba, a ciki take ware ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ce ba ta yoyo.